Idon Kifi a Tankin Baba

"Kwana bakwai na ba shi," in ji Baba, yana goge bakin bindigar feshi da tsumma, ko kallona bai yi ba. "Ya fesa min tankin can har in ga fuskata a jikinsa. Ba hawaye, ba idon kifi. In ya yi, ya turo manyansa. In bai yi ba, ya ɗauke ƙafarsa daga ƙofar gidana."

Na ɗaga kai na dubi tankin. Tsohon tankin babur ne da ke rataye da waya a tsakiyar rumfar Baba tun kafin a haife ni. Duk wanda ya koyi fenti a hannunsa a kan tankin nan ya fara. Ya sha ja, ya sha shuɗi, ya sha kore, a kankare a sake.

"Baba, shi fa turare yake sayarwa," na ce. "Bai taɓa riƙe bindigar feshi ba."

"Shi ya sa. Mutumin da ke sayar da iska a kwalba, ina so in ga ko akwai wani abu a hannunsa bayan zobe."

Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a kan benci ta ƙyalƙyale da dariya har tana tafawa. Ita ce ummul'aba'isin wannan magana. Shekara biyu ke nan tana yi wa ɗanta kamfe a gidanmu. Ɗan nata a hannun Baba ya koyi aiki, yanzu yana da tasa rumfar, kuma saboda ƙyallin fentinsa kowa Madubi yake ce masa. Ni Yaya Madubi nake kiransa, kuma a zuciyata iyakarsa ke nan, yaya.

"Ga ɗan gida, ga sana'a a hannu," in ji Gwaggo, "amma yarinya ta liƙe wa mai ƙamshin 'yan mata. Allah ya kyauta."

"Yaya, ba zan yi mata dole ba," Baba ya ce. "Amma ba zan ba da ita ga wanda ban ga hannunsa ba."

Sai ya juyo ya dube ni sosai.

"Ke kuma Auta, na san ki. A rumfar nan kika yi rarrafe, ke kike haɗa min kala, kin fi rabin masu fentin layin nan sanin aikin. Ni zan koya masa yadda nake koya wa kowa. Ki yi min alkawari ba za ki ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Ba baki, ba waya, ba rubutu."

Na yi alkawari. Da na san abin da ke tafe, wallahi da sai na roƙi ragi.

*

Washegari tun kafin ya shawo kwanar layinmu ƙamshinsa ya riga shi sallama. Na ruga ɗakin girki, domin tagarsa cikin rumfar Baba take kallo. Na janye labule kaɗan.

Ga Mai Turare nan cikin farin yadi ya sha guga, takalmi sai sheƙi, kamar wanda zai je ɗaukar hoto. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Baba ya shaƙi iska sau ɗaya, ya yamutsa hanci, ya miƙa masa sanfefa da bokitin ruwa.

"Kankare."

Ya kankare. Tsakani da Allah ya kankare, har farin yadin ya koma kalar toka, yatsunsa suka yi ja. Baba ya nuna masa yadda ake wanke tankin a bar shi ya bushe, a shimfiɗa fentin ƙasa, sannan a hau da kala.

"Tazarar taƙi ɗaya tsakaninka da ƙarfe. Ka fara feshi tun kafin ka iso tankin, kada ka saki sai ka wuce shi. Kada ka tsaya a wuri ɗaya kana sha'awar aikinka."

Mai Turare ya ce to. Injin iska ya ɗauka, ya matsa, sai ya tsaya cak a wuri ɗaya yana sha'awar aikinsa. Jan fenti ya taru ya gangaro layi uku. Shi ne abin da masu fenti ke kira hawaye, kuma ranar tankin Baba ya yi kuka sosai.

Na toshe bakina da gyale don kada a ji dariyata. Hawaye bai dame ni ba, kowane sabon hannu da shi yake farawa. Abin da ya sa gabana ya faɗi daban ne. A saman tankin, inda fentin bai yi yawa ba, na hango ƙananan ramuka zagaye-zagaye, fenti ya ja da baya ya ƙi zama. Idon kifi.

Abu ɗaya ke kawo idon kifi, kuma ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Maiƙo.

Kuma na ga inda ya fito. Baba yana da ɗabi'ar shafa ƙarfe da tafin hannu bayan kankara, don ya ji ko ya yi sumul. Amma hannun Baba busasshe ne kamar katako, ya sha sabulu da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Shi kuwa bawan Allah ya ga Baba na shafawa, sai shi ma ya shafa, cikin ladabi, da hannun da ya wuni cikin kwalaben turaren mai. Da ya ga ƙura ta sauka, ya ciro hankicinsa mai ƙamshi ya ƙara gogewa.

Baba ya gani. Na san ya gani, don sai da gemunsa ya motsa. Amma tsarin koyarwarsa ke nan, yana nuna maka yadda ake yi, dalilin ɓaci kuwa sai ka nemo da kanka.

"Gobe ka kankare," kawai ya ce.

*

Kwana na biyu hawaye ya ragu zuwa layi ɗaya. Kwana na uku ya ɓace gaba ɗaya. Hannunsa ya fara tafiya a miƙe, yana sakin feshi a bayan tanki kamar wanda ya daɗe yana yi. Na ji daɗi har na ƙona wa Inna miya.

Idon kifi kuwa sai ƙaruwa yake yi. Dalili kuma abin dariya ne, in ba a kanka yake faruwa ba. Duk sanda Baba ya yamutsa hanci, sai Mai Turare ya ɗauka warin gumi ne ya dami surukinsa na gobe. Saboda haka kullum sai ya ƙara turare. A wuya, a wuyan hannu, a tafin hannu. Ladabinsa ne ke kashe shi, ni kuma ina tsaye a taga an ɗaure min baki.

A kwana na huɗu dabara ta zo min. Na ce ba baki, ba waya, ba rubutu. Ban ce ba sabulu ba.

Na ɗauki sabon sabulun wanki, irin mai kaushin nan da ke cire baƙin mai, na ɗora a gefen farantin abincin da za a kai masa. Inna ta dubi sabulun, ta dube ni.

"Auta, ni ban ga komai ba," ta ce, ta ɗauki farantin da kanta.

Na koma taga. Ya ga sabulun. Ya ɗauka, ya jujjuya shi, fuskarsa ta washe. Sai ya ciro hankicin nan, ya naɗe shi a hankali, ya sa a aljihun da ke saitin ƙirjinsa, har da dafawa.

Na zame na zauna a ƙasa. Ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, sai na haɗa duka biyun.

*

Rana ta biyar bayan la'asar Inna ta roƙar mana minti goma a bakin ƙofa. Mai Turare ya rame. Hannuwan nan da a da ko tabo babu duk sun yi kanta, jan fenti ya shige ƙarƙashin farce.

"Ranki ya daɗe, Autar Baba," ya ce yana ƙoƙarin murmushi. "Na ga saƙo. Yana nan, ko buɗe shi ban yi ba. Ba zan taɓa bari ruwa ya taɓa shi ba."

"Kai dai…" na fara, na cije leɓe. "Sabulu ai don amfani ake yin sa."

"Ba wanda ya fito daga hannunki ba."

Hawaye suka ɓalle min. Ya rikice.

"Subhanallahi, me na yi? Don Allah ki daina. Ko Gwaggo ce ta sake magana?"

"Saura kwana biyu," na ce. "Kwana biyu fa! In tankin nan bai yi ba, Baba ba ya magana biyu. Ka san shi kuwa?"

"Na sani. Na canza tazara, na rage fenti, na ƙara tina, na tace shi da ƙyalle. Jiya ko abinci ban iya ci ba ina tunanin ramukan nan. Auta, ke kin san dalili, ko? Ina gani a idonki."

Na sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ce, tana nan a kan harshena tana ƙuna. Da na furta ta shi ke nan, an gama.

"Na sani," na ce.

Ya matsa baya taku ɗaya.

"To kada ki faɗa. Ki rufa min asiri kada ki faɗa. In na same ki ta hanyar karya alkawarin da kika yi wa mahaifinki, da wane ido zan riƙa gaishe shi? Gara in faɗi da hannuna."

"In ka faɗi, ni fa? Ni ka yi tunanina?"

"Ke nake tunani tun safe har dare. Shi ya sa nake dawowa in kankare."

Na yi kuka har gyalena ya jiƙe. Haushinsa nake ji, son shi kuma na ƙaruwa, duk a lokaci guda. Da zai tafi ya ɗaga min hannu, iska ta kaɗo min ƙamshin da ya sa na fara kula shi wata takwas da suka wuce. Ranar ji na yi kamar in kwara masa bokitin ruwa.

*

Kwana na bakwai Gwaggo ta yi sammako, ta taso Yaya Madubi a gaba.

"Zo ka zauna ka ga yadda ake wasa da sana'ar mutane," ta ce, ta shimfiɗa gyalenta a benci kamar mai jiran kallo.

Yaya Madubi mutum ne mai ƙiba da sanyin magana, ba ya son hayaniya. Ya gaida Baba, ya zauna. Sai idonsa ya sauka a kan tankin da aikin jiya ke jikinsa, ramuka kamar an watsa masa yashi. Na ga ya runtse ido kamar wanda haƙori ya sara.

Mai Turare ya iso. Yau ƙamshin ya ninka, saboda ranar hukunci ce. Ya gaida kowa har da Gwaggo, wadda ta amsa da hanci. Ya tsuguna ya fara kankara. Awa biyu yana yi, ya wanke, ya jira ya bushe. Aiki mai kyau, ko ni ba zan kushe ba.

Ƙafar Yaya Madubi ta fara rawa. Ya shaƙi iska, ya dubi hannun mutumin, ya dubi Baba. Baba ya kau da kai yana gyaran tiyon iska.

Mai Turare ya miƙe, ya yi bisimilla, ya ɗaga tafin hannunsa mai sheƙi zai shafa tankin.

Na rufe ido.

"Kai! Cire hannunka!"

Rumfar ta amsa gaba ɗaya. Yaya Madubi ne tsaye, ya riƙe wuyan hannun Mai Turare a sama kamar ya kama ɓarawo.

"Kana da hankali kuwa? Kwana shida kana shafa wa ƙarfe mai, kana jiran fenti ya zauna? Shanshana hannunka! Fenti da maiƙo ba sa zama wuri ɗaya, ko ɗigo ne!"

"Rufe min baki!" Gwaggo ta daka tsawa, ta miƙe gyale na faɗuwa. "Wa ya aike ka? Kishiyarka… abokin takararka kake koya wa aiki? Ni na haifi wannan?"

"Umma, ki yi haƙuri, wallahi ba zan iya ba. A kan tankin nan na koyi abin da nake ci da shi. Ina zaune a yi masa wannan wulaƙancin?" Ya sauke murya. "Kuma Auta ba ta taɓa kallona yadda take kallon wannan mai ƙamshin ba. Na daɗe da sani, ke ce ba ki so ki sani."

Gwaggo ta juya ga Baba. "To ka gani, an yi maguɗi. Gwaji ya ɓaci."

Kowa ya zuba wa Baba ido. Baba ya gama ɗaure tiyonsa, ya tofar da zaren da ke bakinsa.

"Ni dai Auta na hana magana," ya ce.

Yaya Madubi ya waiga. "Kawu, ina sabulu?"

"Ya ƙare," in ji Baba.

Ƙarya ce, ina hango shi a bayan gwangwanin tina. Amma kafin kowa ya motsa, sai na ga Mai Turare ya sandare. Hannunsa ya tafi aljihun ƙirji a hankali. Ya ciro hankici, ya warware. Ya dubi sabulun, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya ɗago ya dubi tagar ɗakin girki.

"Innalillahi," ya ce. "Kwana uku yana aljihuna."

Yaya Madubi ya fara dariya, tun yana riƙewa har ya dafa gwiwa.

*

Mai Turare ya cire zobe. Ya cire farar riga, Baba ya jefa masa tsohuwar rigar aikinsa mai tabon kala bakwai. Ya wanke hannu har gwiwa sau uku, ya wanke wuya da fuska, Yaya Madubi na tsaye a kansa yana shanshanawa yana cewa ƙara. Hankicin kuwa waje aka jefa shi. Sannan ya jiƙa sabon tsumma da tina ya goge tankin lungu-lungu, bai sake bari fatarsa ta taɓa shi ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara ce masa komai. Ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya gwada feshin a jikin kwali, ya auna taƙi ɗaya. Fentin ƙasa ya kwanta lafiya lau. Aka jira. Shafin farko na ja ya yi shi siriri kamar raɓa, har ana hango na ƙasa, kuma bai yi kwaɗayin rufewa ba. Ya ajiye bindiga ya jira. Na biyu, hannu na tafiya daga dama zuwa hagu, kowane layi ya hau rabin na samansa. Na uku. Sai na ƙyalli a ƙarshe.

Ni ina taga ina ƙirgawa tare da shi, leɓena na motsi. Inna ta zo ta tsaya a bayana, wai ludayi take nema.

Ba a duba ba sai da rana ta yi sanyi. Gwaggo ta ce tafiya za ta yi, amma ba ta tafi ba. Baba ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya zagaya tankin sau ɗaya. Ya tsuguna ya leƙa ƙasansa. Ya juya wayar, ja ya kama hasken yamma ya watsa shi a bango. Mai Turare na tsaye cikin rigar da ta yi masa yawa, hannuwa a baya, gumi na bin goshinsa.

Sai Baba ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da tankin. Ya daɗe a haka.

"Na ce in ga fuskata," ya ce a hankali. "To na gani. Har da ta wata da ke leƙe ta taga tana kuka."

Na saki labule na durƙushe, Inna ta rungume ni tana dariya.

"Auta, fito nan."

Na fito, na tsuguna a bakin rumfa. Baba ya ɗauki guntun sabulun da ya rage, ya ɗaga shi.

"Wannan sabulun na gane shi. Ni na sayo shi."

"Baba, ban yi magana ba," na ce cikin kuka. "Wallahi ko kalma ɗaya."

"Na sani. Ya ce kada ki faɗa, ina bayan ƙofa na ji." Ya juya ga Mai Turare. "Sau bakwai ka kankare tankin nan ba ka yi tsaki ba. Hannu kam akwai shi. Wayo ne dai da saura. Mutumin da za a ba shi sabulu ya sa a aljihu, in ba a haɗa shi da mace mai hankali ba, ai an ɗauki alhakinsa. Ka turo manyanka."

Mai Turare ya zube ƙasa yana godiya. Yaya Madubi ya ɗago shi yana bubbuga bayansa, yana cewa in kasuwar turare ta taɓa tsayawa akwai wuri a rumfarsa. Gwaggo ta yafa gyale ta nufi ƙofa tana faɗin ita ba ruwanta, amma da ta zo wucewa ta gaban tankin sai da ta tsaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikinsa.

Baba ya kunce tankin daga wayar da ya shekara talatin a kanta. Ya riƙe shi da tsumma, ya miƙo min.

"Wannan ba za a sake kankare shi ba," ya ce. "Da shi za ki tafi ɗakinki."

Na karɓa da hannu biyu. Da na duba cikin jan nan sai na ga fuskata a jiƙe, ga ta Mai Turare a gefe yana murmushi, ga Baba a bayanmu ya cire tabarau yana goge ido da bakin rigarsa.